Jan Fenti da Tsummokin Hure

Juma'a, 14 ga Maris 1969, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Daga gidan waya na Dogon Dutsi zuwa wata makarantar noma kusa da Yamai.

MAI WAYA: Ga shi an samo miki shi. Minti shida ne. A'a, wancan gefen ake sawa a kunne.

A'I: Salamu alaikum! Yaya Illo! A'i ce, ƙanwarka!

ILLO: Amin alaikumus salam. Daina ihu, ina jin ki. A'i? Ke ce a waya?

A'I: Ni ce wallahi. Ina kwana? Ina gajiya?

ILLO: Lafiya lau. Ina zafi?

A'I: Lokacinsa ne. Ya lakwal, ya karatu?

ILLO: Da godiya. Ina Baba? Ina Inna da ƙafarta?

A'I: Ƙafa da sauƙi. Ta ce an yi Layya ba kai, ta ajiye maka kilishi.

ILLO: Ta ajiye mi?

A'I: Kilishi!

ILLO: To, madalla. Mi ya kawo ki Dutsi? Wani ya rasu?

A'I: Ba wanda ya rasu. Motar kamyon ta Kore Mairuwa na biyo tun asuba.

ILLO: To, ina samarina? Sun gyara ƙayar da na ce? Yanzu ne awaki ke damun ƙananan gawo. Kuma na rubuto wa Ado ya rage rassa, ya bar biyu biyu a kowane kututture. Ya yi?

A'I: Wasiƙar ta iso.

ILLO: Ban tambaye ki wasiƙa ba. Alo? A'i?

A'I: Yaya, an sare su.

ILLO: Layin nan ba kyau. An yi mi?

A'I: Layi lafiyarsa lau. An sare gawon gonar ƙungiyarmu ta samariya. Kwana uku bayan Layya.

ILLO: Nawa?

A'I: Duk mai jan fenti.

ILLO: Ɗari uku da biyar ke nan. A'i, ɗari uku da biyar! Shekara huɗu muna bin kututture ɗaya ɗaya! Makiyaya ne?

A'I: Kar ka ɗauki alhakinsu. Sambo mai shanu ma har kuka ya yi, ya ce da 'ya'yan gawon nan ya so raba shanunsa da rani nan gaba. Mutanen gari ne. Dattawa.

ILLO: Dattawan da suka ba mu gonar? Da idonsu suka ga gero bara. Damina ta ƙi, rairayi ya binne shukar kowa, tamu ce kaɗai ta tsaya saboda itacen ya tare iska!

A'I: Sun gani. Fentin ne, Yaya.

ILLO: Fenti ya yi musu mi? Na shafa ne don mai neman itacen wuta ya gane wanga ba na sara ba ne.

A'I: Wani ɗan kasuwa ya kwana gidan mai gari. Ya ce a can wajensu, in 'yan gandun daji suka ga itace da jan fenti, to ya zama na gwamnati, shi da ƙasar da yake kai. Ya ce suna kan rangadi, mu ne na gaba. Ka san gonakin gari duk sun kewaye tamu. Aka ce in an kama ɗaya an kama duka.

ILLO: Ƙarya ce! Ni na sayo fentin a Dosso da hannuna! Ba wanda ya ce musu ƙarya ce?

A'I: Ado ya faɗa. Aka ce masa yaro ne, ya zauna. Suka ce wanda ya san maganar gwamnati yana lakwal, kuma ba za a jira wasiƙa ba.

ILLO: To. To, ba komai. Saiwa na ƙasa. Gawo ba ya mutuwa da sara ɗaya, da ruwan fari zai sake toho. Ki ce wa Ado...

A'I: Sun tone saiwar. Suka tara, suka sa wuta, wai kar a ga ko ɓurɓushin ja. Kwana biyu tana ci.

ILLO: Innalillahi. 'Yan gandun dajin fa, da suka zo mi suka ce?

A'I: Ba su zo ba.

ILLO: Mi?

A'I: Har yau ba wanda ya zo.

MAI WAYA: Saura minti uku.

ILLO: Babban nan na bakin hanya, wanda na fara da shi, wanda ya fi ni tsawo?

A'I: Kowa ya ƙi taɓa shi, aka ce naka ne. Sai Baba ya karɓi gatari. Ya ce in za a ɗaure mai fenti, ɗansa za a ɗaure, gara ya ɓatar da shaidar da hannunsa. Yaya? Kana nan?

ILLO: Ina nan.

A'I: Bai yi don ƙi ba.

ILLO: Na ji.

A'I: Amma akwai bakwai da suka tsira. Na can gefen fadama, inda fenti ya ƙare mana. Ka tuna Hure ta yaga tsohon zanenta ta ɗaura musu, kai kuma ka yi ta faɗa?

ILLO: Na ce mu ba 'yan bori ba ne, a kwance.

A'I: Ba ta kwance ba. Da masu gatari suka iso suka ga baƙin tsumma na kaɗawa, sai suka yi cirko-cirko. Wani ya ce aljana Doguwa ta riga su. Ba wanda ya matsa kusa, har Liman sai da ya kewaya ta nesa.

ILLO: Tsumma. Ni da karatuna na sa musu alamar yanka, Hure da tsumma...

A'I: Kar ka ce haka.

ILLO: Ki gaya mata kar ta kwance. Ko ɗaya.

A'I: Zan gaya mata. Yaya, Baba ne ya aiko ni. Kullum da safe yana jan ƙaya zuwa fadama yana kewaye bakwai ɗin. Ya ce in tambaye ka abu biyu. Reshen da ake bari, mai kauri ne ko mai tsawo?

ILLO: Miƙaƙƙe. Wanda ya fi miƙewa.

A'I: Na biyu, ya ce in an sallame ku kafin shuka, gida za ka dawo, ko aikin nan na gabas da ka rubuto za ka karɓa?

ILLO: Ban sani ba, A'i. In dawo in tarar da wa? Mu ashirin da uku ne. Ado na nan?

A'I: Ado ya tafi Kumasi washegarin wutar. Mahaman da ƙannensa sun bi shi. Issa yana Sakkwato.

ILLO: Bar waɗanda suka tafi. Su wa suka rage? Faɗa mini su ɗaya ɗ...

A'I: To, akwai Ma'u...

MAI WAYA: 'Yar'uwa, lokaci ya cika. Layi ya yanke.

A'I: Tambayata ya yi, Malam. Bari in ƙarasa masa.

MAI WAYA: Ba ya jin ki.

A'I: Ma'u. Hure. Ɗanmalam, shi ma don ƙafarsa ba ta kai shi Kumasi. Ni. Gawo bakwai. Da Baba.