Kalmar da Na Rage

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu.

A da, in na ratsa kasuwar Tawa, nuna ni ake yi: ga tafinta mai harshe huɗu. Yau kunya ce ta tsayar da ni gabanku.

Na zauna Abijan, na zauna Tamanrasat. Ko'ina akwai lafazi mai laushi na rufe abin da miji yake yi wa matarsa, ni kuwa na iya su duka. Da na dawo gida, sai na kama aikin tafinta a kotu.

Wata rana Hadijatu, wata mata daga wajen Takanamat, ta zo da kawunta, malami ne. Da harshen Tamashek ta ce mijinta yana bugunta, kuma ya zo mata da ƙarfi tana cikin jego, ko arba'in ba ta yi ba. Na juya na ce wa alƙali da Faransanci: "Saɓani ne na cikin gida." Ya ce su je su sasanta.

A bakin ƙofa malamin ya riƙe mini riga. "Tafinta, maganar ɗiyata doguwa ce, taka gajera. Mi ka rage? Addininmu ya hana wagga cuta, dokar ƙasa ta hana bugu. Naka addinin ne ya yarda?"

Abin da Hadijatu ta faɗa, shi nake yi wa matata Saratu. Ni, dattijon ikilisiya!

Bayan damina na ji labari: mijin Hadijatu ya mare ta har kunnenta ɗaya ya daina ji.

Na durƙusa na ce, "Ubangiji, gafarta mini saɓanin gidana." Sai bakina ya tsaya. Wayyo! Har Allah nake yi wa fassarar ƙarya! Na yi kuka, na kira abin da sunansa: bugu ne, tilas ne.

Na koma wurin alƙali na faɗi abin da na rage. Aka sake sauraron Hadijatu, aka raba ta da mijin, ni kuma aka sallame ni daga aiki. Kunnenta bai dawo ba.

Da na faɗa wa Saratu, ta dube ni ta ce: "Baban Iliya, tun yaushe nake jira ka faɗe shi da Hausa."

Na gode wa Yesu da ya buɗe bakina. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kada ku rage masa komai. Tun ranar hannuna bai sake tashi kan Saratu ba, kuma in ta ce a'a, ba na fassara ta.