Amanar Cikgu Baharom Mai Ƙafa Takwas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma dagacinmu Tok Penghulu, Tok Imam da malaman masallacinmu, tsofaffin abokan aikin marigayi, Kak Rokiah matar marigayi da 'yarki Suraya, dangi da maƙwabta na Sungai Temau, assalamu alaikum.

Ni ne Derus, ga baƙin da ba su san ni ba. Ni da Cikgu Baharom, wato Malam Baharom, rafi ɗaya muka yi wanka muna yara, sandar malami ɗaya ta dake mu. Shi ya sa aka ce in tashi yau, ranar sadakar arba'in ɗinsa. Na kwana da nauyi a ƙirji, amma wallahi yanzu zuciyata wasai take, kuma za ku ji dalili.

Ya kasance malami wanda rabin mutanen da ke zaune a kan tabarmin nan a hannunsa suka koyi karatu. Ya kasance ladaninmu, muryarsa ba daɗi, shi ma ya sani, amma ba ta taɓa makara ba. Ya kasance wanda a shekarar ambaliya ya ɗauki tsofaffinmu a kwale-kwalensa ɗaya bayan ɗaya zuwa tudun makaranta, shi kuwa gidansa ruwa ya kai taga. Kuma ya kasance, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya ajiye tautau a gidansa.

Ku yi dariyarku, shi ma da yana nan da ya yi. Lokacin da aka sare tsofaffin itatuwan bakin rafi za a dasa kwakwar manja, ya je ya tarar da ita a kogon wani itace da aka kayar. Macen tautau ce mai gashi, faɗinta ya kai tafin hannu, ƙafafunta shuɗi. Ya yanko kogon gaba ɗaya, ya tsayar da shi a akwatin gilashi a ɗakin baya, ya sa mata suna Biru, wato Shuɗiya. Na ce masa, "Baharom, mutane na kiwon kaji, kai ka rasa abin kiwo sai wannan bala'i?" Ya ce, "Derus, ita a sama take kwana, mu muka kayar mata da gida. Kai da aka rushe naka ba a wurina ka sauka ba?" Na ce ai ni ba na cizo. Ya ce, "A tambayi matarka."

Shekara da shekaru shi kaɗai ke shiga ɗakin nan. Ya fesa mata ruwa, ya jefa mata gyare da kyankyaso. Kak Rokiah ko leƙe ba ta yi, in ta zo shara daga bakin ƙofa take juyawa. Amma da ciwo ya kwantar da shi, a gabana ya riƙe hannunta ya ce, "Rokiah, ga Biru nan. Ruwa da gyare kawai, kada ki sa hannu. Ki riƙe min ita." Ta ce, "Abang, maigidana, na riƙe." Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan.

Kak Rokiah, ki yafe min, zan faɗa, don mutuncinki ne. Matar nan tana cikin takaba, ga tsoron Biru, amma kullum sai ta buɗe akwatin nan ta jefa gyare. Sai Biru ta shige kogo ta toshe bakinsa da yana, ta daina ci. Gyare ya yi ta yawo a ciki har ya gaji. Da Biru ta ƙi ci, sai Kak Rokiah ma ta ƙi ci. Matata ta kai mata kunun shinkafa, kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Makon jiya da hantsi ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune a ƙasa tana kuka. Ga Biru a gindin kogo, ƙafafu a lanƙwashe, ba motsi. Ta ce, "Derus, ko arba'in bai yi ba na kashe masa ita. Da wane ido zan dube shi gobe ƙiyama?" Ta roƙe ni kada a gaya wa Suraya, kunya ba za ta bar ta ba.

To mu kun san halinmu, ba ma barin gawa ta kwana. Ban tsaya dube-dube ba, na ɗauke ta da cokalin miya ina kau da kai, na ji ba nauyi, na ce yunwa ce ta cinye ta. Muka naɗe ta a farin ƙyalle, muka binne a gindin itacen rambutan na bayan gida. Tok Imam, ba mu yi mata salla ba, kwantar da hankalinka. Kak Rokiah ta ce a fitar mata da kogon nan, ba ta iya ganinsa. Ni da hannuna na jefa shi kan itacen girki.

Yau da safe mata na dafa naman sadakar nan da kuka ci. Wuta ta ja baya, Mak Senah, shugabar masu girkinmu, ta miƙa hannu ta jawo kogon. Bakinsa ya kusa taɓa garwashi, sai ga ƙafa shuɗiya ta leƙo, sai ta biyu. Jama'a, na san Mak Senah da ciwon gwiwa tun kafin a kawo mana lantarki, amma yau ta tsallake tukunya. Tana ihu, "Wayyo Allah, ta dawo! Wadda kuka binne ta dawo!"

Maza muka fito da gudu, muka tsaya daga nesa muna ba juna shawara. Biru ta haye jikin kogo ta tsaya, shuɗinta sabo fil, ta fi da girma. Suraya, wadda ta iso daga birni jiya, ta ce, "Wa kuka binne?" Da aka gaya mata, ta dafe ciki tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce wa uwarta, "Mak, saɓa kuka binne! Saɓa take yi kamar maciji, ta turo tsohuwar rigar waje. Abah, babana, shi ke kwashewa kafin ki gani. Pak Derus, har da likkafani?" Na ce har da likkafani, 'yar nan, kuma sabon ƙyalle ne.

Kun san wa ya kama ta? Duk gemun da ke wurin ba wanda ya matsa. Kak Rokiah ce ta ɗauko kwanon roba, ta durƙusa, ta kife ta a hankali, ta zura murfi ta ƙasa. Ta mayar da ita akwati da kogonta, ta fesa ruwa. Sannan ta jingina goshinta da gilashin ta ce, "Abang, tana nan. Na riƙe." Da ta fito ta ce wa Mak Senah, "Zuba min shinkafa, ki sa nama." Na ga ta cinye, ta nemi ƙari.

Kak Rokiah, ba ki ci amana ba. Kin ciyar da abin da kike tsoro saboda wanda kike so, mu duka shaidu ne. Suraya, ki kula da uwarki, ki riƙa kira. Mu kuma mutanen Sungai Temau, duk mai kyankyaso a kicin ya san inda zai kai shi, kada wanda ya ce min gidansa babu.

Mun gode wa Tok Penghulu, mun gode wa Tok Imam, mun gode wa matan da suka yi girki, musamman gwiwar Mak Senah. Ya Allah, bawanka Baharom ya ga halittarka an kayar mata da gida ya ba ta masauki. Ka ba shi masauki a Aljanna, ka yalwata kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa. Ka ba Rokiah lafiya da barci mai daɗi daga yau. Mu karanta masa Fatiha.