Irin Malam Shiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa, wanda ba a tambayarsa dalili.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shugaban unguwa da dattawan da suka rako shi, sannunku da zuwa. Tsofaffin ma'aikatan gidan ruwa, abokan aikin marigayi, na ga wasunku da sanda kuka hawo matakalar nan, Allah ya ba da lada. Alhaji mai otal, shugaban ƙungiyarmu ta masu kanari, da sauran 'yan ƙungiya, ina gaisuwa. Sai iyali: matarsa Inna, da 'yarsa ma'aikaciyar jinya, wadda bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata, da ɗansa Direba, wanda ya baro hanya ya zo. Sannunku da haƙuri. Sannunmu duka.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne telan da ke ƙarƙashin benen da marigayi ya zauna. Ba don na iya magana aka tsayar da ni ba. An tsayar da ni ne don na fi kowa daɗewa ina jin takunsa a saman kaina.

Mu dai da Malam Shiru muka san shi. Sunan ya samo asali ne daga ƙofar ɗakin tsuntsayensa, can saman bene. Duk wanda ya hau, kafin ya gama sallama zai ga yatsa a leɓe. Ko shugaban unguwa da ke zaune nan an yi masa, yana iya ba da shaida.

Ya kasance mai gyaran famfo a gidan ruwa har ya yi ritaya. Abokan aikinsa sun fi ni sanin wannan ɓangaren, amma mu ma mun ga namu. Mun gan shi cikin rami, taɓo har ƙugu, ranar da babban bututun layinmu ya fashe, mata na tsaye da bokitai suna jiransa. Bayan ya bar aiki ma bai ajiye sifana ba. Babu gidan da ke layin nan da bai durƙusa a banɗakinsa ba, kuma in ya gama sai dai ya wanke hannu ya ce, "A daina matse kan famfon nan kamar ana faɗa da shi."

Ya kasance mai ƙarancin magana, mai yawan kallo.

Ya kasance, a kan komai, mai iri. Wannan kalmar nake so in tsaya a kanta, domin ita ce mutumin, kuma ita ce abin da muka rasa.

Na daɗe da kanari ɗaya a shagona, yana min waƙa ina taka keke. Wata safiya na tarar da shi a ƙasan keji, ƙafafu sama. Malam ya sauko zai tafi masallaci, na nuna masa, na ce, "Malam, abokin hirata ya tafi. Gobe sai in shiga kasuwa in samo wani."

Ya ɗauki tsuntsun, ya hura gashin cikinsa, ya duba, ya ce, "Tsufa ne. Ka riƙe shi da kyau, Tela. Kai mai riƙo ne."

Na ce, "To ai kai ma riƙon kake yi."

Ya ce, "A'a. Mu uku ne a harkar nan. Akwai mai riƙo, shi ne kai: ka ba shi abinci, ya ba ka waƙa, in ya mutu ka yi jimami ka sake wani. Akwai mai tari: shi so yake ya ga kowane launi a gidansa, in ya ji labarin wanda ba shi da shi ba ya barci. Babu laifi a cikin biyun nan. Sannan akwai mai iri."

Na ce, "Shi fa?"

Ya ce, "Shi tsuntsun da yake so ba a ƙyanƙyashe shi ba tukuna."

Ranar ce ya fara barina in wuce bakin ƙofar ɗakin tsuntsayen. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya mai raga, kejuna jere har kusa da rufi. Babu ado ko kaɗan. A nan na ga abin da yake nufi. Ba ya haɗa namiji da mace don kawai lokaci ya yi. Sai ya ajiye su kusa da juna da shingen waya a tsakani, ya zauna a kan wani tsohon bokiti yana kallo, har ranar da namijin zai miƙa mata abinci ta tsakanin waya. In macen ta fara ƙwai, kullum sai ya ɗauke wanda ta saka ya ajiye a cikin auduga, ya sa mata na ƙarya da ya sassaƙa da alli. In ta gama sai ya mayar mata da nata gaba ɗaya, don su ƙyanƙyashe tare, kada babba ya danne ƙarami. In 'yan tsakin maza suka tasa, sai ya rataye kejinsu kusa da wani tsohon namiji mai murya, su koya daga bakinsa. Shi ya sa ba ya son hayaniya. Ya ce ƙaramin kanari duk abin da ya ji shi yake ɗauka, kuma ya taɓa yin asarar wani da ya koyi kukan ƙofar banɗaki.

Da haka, tun yana saurayi har ya yi furfura, ya fitar da irinsa: ƙanana, ruwan ƙwai mai haske, masu wata waƙa mai taushi da ke gangarowa kamar ana zuba ruwa a tulu. Ko daga titi ka ji ta, ka san na Malam Shiru ne.

Alhaji ya ba ni izini in faɗi wannan, shi ma yakan ba da labarin yana dariya. Da ya gina babban gidan tsuntsaye a bayan otal ɗinsa, ya aiko mota ta ɗauki Malam. Wuri ne mai kyau, wallahi, da bishiya a ciki da ruwa mai gudu. Malam ya zagaya, ya yaba da gaske. Sai ya tsaya gaban wani ja, ya ce, "Alhaji, wannan wa ya haife shi?"

Alhaji ya ce, "Jirgi ne ya haife shi, Malam. A kwali ya zo."

Suka yi ta dariya. Tun daga ranar suka zama aminai, kuma su biyun ne suka kafa ƙungiyarmu. Malam ne ya dage aka sa doka cewa ɗan ƙungiya ba zai sayi tsuntsun da aka kamo daga daji ba. Mun rasa mutane a kan dokar nan, bai janye ba.

Amma kada in sa ku ɗauka abin duk daɗi ne. Mai iri yana da taurin zuciyar da mai riƙo ba shi da ita. Akwai wani namiji da ya fito masa, ban taɓa ganin mai kyansa ba, ga murya. Duk muka ce an samu uban gobe. Malam ya kara shi a kunne, ya saurari numfashinsa, ya ce ƙirjinsa ba shi da ƙarfi. Ya ba wata tsohuwa a layin baya, ya ce ta more waƙarsa. Na ce, "Malam, ko sau ɗaya ka haɗa shi mana." Ya ce, "In na haɗa shi, ni zan ji daɗi, jikokinsa su biya." Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, Inna ce shaida, amma bai je ya karɓo shi ba.

Inna, mun san abin da kika ɗauka. Mun san ƙwan da aka dafa don yara ya ƙare a kejuna. Mun san rariyarki da ta hau bene ba ta sauko ba. Mun san bukukuwan danginki da kika je ke kaɗai domin wata tsuntsuwa na kwanci. Kin yi ƙorafi, mun ji, amma ke ce kike hawa ki canza musu ruwa in aiki ya riƙe shi. Irin nan da hannunki a ciki.

Sai tari ya zo. Da fari ya ce mura ce. Daga baya matakalar da yake hawa da gudu ta koma sai ya huta a tsakiya. 'Yarsa ta kai shi asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙurar gashin tsuntsaye ce ta cinye masa huhu a hankali, abin da ya lalace ba zai dawo ba, kuma in yana son sauran, ya rabu da su. Da ya dawo ya zauna a bencin shagona yana haki, ya ce, "Tela, ka ga ikon Allah. Ƙarshenta ni ma na zama mai tari."

Na yi dariya don ya ji daɗi. Shi bai yi ba.

Ya gwada takunkumi. Ya gwada tsayawa daga bakin ƙofa yana ba Inna umarni. Numfashin ya ci gaba da raguwa. A ƙarshe 'yarsa ta sa kwaɗo a ɗakin, ta tsaya a gabansa tana kuka ta ce, "Baba, ko su ko mu." Ya dube ta, ya ce, "To, Uwata. Kira min su Tela."

Ya raba mana su da bakinsa, yana zaune a ƙasan matakala da robar iska a hanci, muna saukowa da kejuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan da wannan su tafi tare. Wannan kada a haɗa ta da ɗan'uwanta. Wancan tsohon a bar shi kusa da yara. Ya san uwar kowa da kakar kowa, duk a kansa.

Jama'a, mun yi ƙoƙari. Ina faɗa a gaban Allah da gabanku, babu wanda ya yi sakaci. Mun dafa ƙwai, mun sassaƙa alli, Alhaji ya ware ɗaki guda ya hana kowa shiga. Tsuntsayen sun rayu, sun yi ƙiba ma. Amma ba su ba mu 'ya'ya ba. A wurin wani macen ta ƙi sheƙa. A wurin wani ta yi ƙwai ta tashi ta bar su. A wurina an ƙyanƙyashe, na yi murna har na rufe shago, kafin su yi gashi uwar ta daina ba su abinci. Mukan je mu faɗa masa, ya tambaye mu, "Da ka shiga da safe, yaya ta tsaya a kan sanda?" Mu kalli juna. Mun ga tsuntsuwa a kan sanda, shi ke nan abin da muka gani. Abin da idonsa ke gani ba ya faɗuwa da baki, ya yi ta ƙoƙarin faɗa har numfashi ya hana shi.

Shekaru suka wuce a haka, tsuntsayen suna tsufa a hannunmu, shi yana tsufa a kan gado. Tsohon namijin da ke koyar da waƙa ya mutu ba tare da ya samu ɗalibi ba. Da na kai masa labari, sai ya juya fuska bango. Daga baya ya daina tambayarmu. Wannan ya fi mana ciwo a kan tambayar.

'Yata, ke nake wa magana yanzu. Na ji abin da kika faɗa wa Inna, cewa da kin bar shi da abinsa, ko da kwanansa bai kai haka ba, da ya tafi da farin ciki. Ki ajiye wannan. Kwana na Allah ne, kuma kin yi abin da ya dace. Da kunnena na ji ya ce, "Yarinyar nan ta fi ni gaskiya. Ni ma da na ga ƙirji ba ƙarfi, rabawa nake yi." Ba zan ce miki bai yi kewarsu ba, kin fi ni sani. Amma bai riƙe ki a zuciya ba.

Direba, kai ma kada ka ce da ka zauna ka koya. Bai taɓa son ka zauna don dole ba. Yakan ce kai tsuntsun sarari ne, kuma da alfahari yake faɗa.

An roƙe ni in rufe da albishir, in ce ƙungiya za ta ci gaba da aikinsa. Ba zan yi ƙarya a taron mutumin da bai iya ƙarya ba. Za mu ci gaba da haɗuwa, za mu ci gaba da riƙo, masu tari za su ci gaba da tari. Mai iri kuwa babu shi a cikinmu. Abin da ya rage na irinsa mace ɗaya ce a shagona da namiji ɗaya da Alhaji ya kawo mata, dukansu sun tsufa. Kwanakin baya ta yi ƙwai, ta hau kwanci. Ban faɗa wa kowa ba, ina jira in zo nan da labari. Jiya da rana na ɗauke su a cokali, na ɗaga su a hasken taga. Haske ya ratsa su sarai, babu komai a ciki. Na mayar mata da su. Da zan fito yau tana kai, ta baje fukafukai, ta kalle ni da ido ɗaya. Ban san ranar da zan iya ɗauke mata su ba.

Mun gode wa Malam Liman da shugaban unguwa. Mun gode wa mutanen gidan ruwa, da matan layi da suka tsaya wa Inna, da duk wanda ya bar sana'arsa ya zo.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da numfashin da ya ƙare. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa ƙirji, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ruwan da ya kai gidajen mutane ya zama shaida a gare shi. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙurin da ya fi namu. Mu kuma da aka bar wa amanar da ta fi ƙarfinmu, ka ga iyakar abin da muka iya, kada ka kama mu da sauran. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin. Wassalamu alaikum.