Golan da Yaya Sani ya bar mini

Salamu alaikum Malam, ina gaishe ka da aiki. Mamman ne, mai garkar albasa a Badaguishiri.

Yayana Sani ya rasu bara, Allah ya jiƙan shi. Ya bar mini salularshi, da wasan nan na cikinta da mutum ke zama kocin ƙungiyar balo, wato ƙwallon ƙafa. Bayan rasuwar ko tuwo ba ni iya ci. Wata rana na buɗe wasan, na iske ƙungiyarshi yadda ya jera ta. Wasan da Faransanci yake, ni ko ban iya Faransanci ba, da hotuna na koya. Kullum in na gama ban ruwa sai in buga wasa guda, in ji kamar yana bayana yana kira na da sunan da ya saba, yana cewa, “Kai Dogo, hidda wannan, ya gaji!”

To Malam, ƴan wasan da ya ɗauka duk sun tahi, saura tsohon gola. Abokina Habu ya karanta mini cewa shi ma zai aje balo in kakar ta ƙare. Wasa guda ya rage, sati uku ke nan na kasa taɓa shi.

Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara: in buga, ko in bar shi tsaye cikin raga?