Fasfon da Uwa ta Ƙona

A ɗakin jiran wani ofishin takardu a unguwar Bani Malik ta Jidda, na ji wani dattijo yana tambayar matashin da ke gefensa.

"Iƙamarka ta zaman ƙasa ce ta mutu, ɗana?"

"Ta matata nake nema, Baba. A goye aka kawo ta Umra. Uwarta ta ƙona fasfonsu don kada a san inda za a mayar da su."

"Haka duk muka yi lokacin. Dabara ce."

"To, dabarar ta girma, ga ta da tsohon ciki, asibiti kuwa sai da takarda. An ce ta koma ƙasarsu ta shigo da biza."

"Sai ta koma mana, halas."

"Wace ƙasar, Baba? Uwarta tana kabari. Ku da kuka ƙona, ku faɗa mana."