Alkamar Kabari a Tashar Knin

A tashar motar Knin da ke ƙasar Kuroshawa, Stoja na zaune da kwanon dafaffiyar alkama, wadda Sabiyawa ke ci a bakin kabari suna ambaton sunan mamaci. Wani dattijo ya zauna gefenta.

"Baiwar Allah, daga Sabiya kike, ko? Alkamar nan ta tona ki."

"Nan aka haife ni, yaƙi ya kore mu zuwa Sabiya. Yanzu sai na tsallaka iyaka nake gaida mijina a makabarta."

"Duk da haka gara da tsohuwar ƙasarmu ta rabu. Kowa ya koma cikin danginsa, babu mai kiransa ɗan tsiraru."

"Da muna haɗe wa ya kira ni haka? Rana ɗaya na wayi gari baƙuwa a ɗakina."

"Ni Bakuroshe ne, mu ma daga Bosniya aka koro mu, aka ba mu gidan wasunku. Ban yi kuka ba."

Shekara talatin Stoja na jin wannan musu, ta gaji. Ta ce, "Yanzu dai in je in fara cire ciyawar kabarin mijina."

"Kaburburan mutanenku da ke kusa da gidana kam babu ciyawa. Ni ke nome su, ban ma san ko na su wa ba ne."

"Kai da ka ce kowa da nasa?"

"Mahaifiyata na kwance can Bosniya, namu ko ɗaya bai rage a garin ba. Ina yi ne ko wani zai nome nata."

Stoja ta buɗe kwanon, ta miƙa masa cokali.

"Ɗebi. Yaya sunanta?"