Buhu na Biyar

Akuyar Inna ce ta kai ni Umdurman. Ja ce, mai farin goshi, wadda ke cin wanki in an shanya. Ranar kasuwa Kawu ya ja ta zuwa Sinnar, da la'asar ya dawo da kuɗin mota da igiyar da ake ɗaure ta. Inna ta ƙulle kuɗin a bakin tsumma ta tura mini aljihu, igiyar kuwa ta jefar gefen murhu. Ni na ɗauke ta.

Musa, Nuhu, ku ajiye wayar nan. Ku kuka ce in ba ku labarin birni, tunda kun ƙudura tafiya bayan cirar auduga. To ku zauna. Ni ne ba na iya zama, ku bar ni in yi ta zagaye.

Wannan ɗakin da kuke ciki kun san shi tun yana ƙasa tsura, ɗakin jinka mai zagaye irin na kowa a ƙauyen nan. Baƙar ƙasarmu kuwa kun san halinta. Da rani ta tsattsage kamar bayan kunkuru, da damina ta sha ruwa ta kumbura, sanyi ya biyo ta cikin tabarma ya kama gwiwar Inna. In ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Safiyar tafiyata na sa Yaya Hajo, wadda nake bi wa, ta riƙe bakin igiyar akuya a jikin bango, na ja ta tsakiyar ɗaki har ɗaya bangon, na ƙulla.

"Mi kaka aunawa, Sahabi?" in ji Inna.

"Balat zan shimfiɗa miki, Inna. Daɓe mai santsi irin na masallacin gari."

"Kai dai dawo da ƙafafunka biyu. Ƙasa ta saba da ni."

Ta ɗora mini ƙaramin faifai a kan kaya, wai in riƙa rufe abinci. Saƙarta ce, ja da baƙi, masu kusurwa uku a jere, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Haƙorin kada take kiransa.

A birni wani ɗan ƙauyen gaba ya haɗa ni da Usta Jafar, gajere, fensir a kunne ko wanka yake. Usta shi ne ubangidan sana'a, tasa kuwa shimfiɗa balat ce, wato tayil. Ran farko ya ce in miƙo masa siramik, na ce "Sirimikin ina?" Shi ke nan, shekara guda sunana Sirimiki. Injin yankan balat kuma saruk suke ce masa, wato makamin yaƙi, kuma wallahi in ya tashi ƙara sai ka ce gaskiyarsu ce.

Da ya ba ni ɗakin farko, na durƙusa jikin bango na fara jerawa. Sai na ji fensir a ƙeya.

"Ya zol! Kai mutumin nan! Wa ya ce maka bango gaskiya yake faɗa? Babu miƙaƙƙen bango a garin nan. Tsakiya! Daga tsakiya ake farawa!"

Ya gicciye zare biyu, inda suka haɗu ya ɗora balat ɗin farko. Na kusa yin dariya. Inna ma daga cibiya take fara faifai, kuma ba ta taɓa riƙe fensir ba.

Akwai wata Hajiya da muka yi wa aiki, mai zobe a kowane yatsa, ta ce ita balat mai gefe biyar take so, don maƙwabciyarta ta yi mai gefe shida.

"Ba ya rufewa, Hajiya," in ji Usta.

"In kuɗi ne ka faɗa."

"Ko dam ɗin Sinnar za ki sayar, ba ya rufewa."

Ni ban yarda ba. Lokacin cin ful, dafaffen waken nan nasu, na yanka kwali, masu gefe biyar daidai wa daida, na haɗa uku baki da baki. Sai ga wata 'yar kafa ta rage, siririya, na huɗu ba ya shiga, ukun ba su cika ba. Na juya, na juya, har ful ɗina ya yi sanyi. Mai gefe huɗu yana rufewa. Mai shida yana rufewa, kamar saƙar zuma. Mai kusurwa uku kuwa, komai muninsa, in ka samo ɗan'uwansa ka kifa shi, sai su rungumi juna ba sauran wuri. Na bar makaranta a aji shida, lokacin da Baba ya rasu aka bar mu da hawasha, gonar haya, ba mai ban ruwa sai ni. Amma ranar, da na rufe kwano da faifan Inna, na ga abin da aka hana ni karantawa yana kallona.

In an shimfiɗa balat a karkace, gefe-gefe sai an yanke, guntayen da ke faɗuwa duk masu kusurwa uku ne. Bola ake kai su. Na roƙi Usta.

"Ɗauki. Nawa ne girman ɗakin?"

Na zaro igiya ya ɗora mata awo. "Mita huɗu. Tsawo ko faɗi?"

"Duka ɗaya ne, Usta."

"Huɗu sau huɗu ke nan, sha shida. Buhu biyar, ka cika su fal."

Ku saurara nan. Ban ce masa ɗakin zagaye ne ba. Mako guda kafin nan leburori sun yi ta shaƙiyanci a kan mutanen ɗakin ciyawa, wai da akuyoyi muke kwana, ni kuma na buɗe baki na ce gidanmu na jan bulo ne. Suna tsaye a wurin, suna shan shayi. Na naɗe igiyata na ce, "Tamam, haka ne."

Tara guntaye ba wasa ba ne. Sai masu girma ɗaya, ja da baƙi kawai, kuma mutanen birni fari suke so. Wani gidan ka samu cikin tafi, wani ko ɗaya. Ƙarƙashin gadona nake tura su, a ɗakin da muke haya mu biyar. Mai gidan, wani dogo mai tari, ya shigo wata rana ya yi tuntuɓe.

"Gida kake ginawa cikin gidana?"

"Na uwata ne, Hajj."

"Uwarka tsakuwa take ci? Kunama za ka tara mini!"

"In ta fito ni za ta fara harba, gadona ne a kai."

Ya yi tari, ya duba cikin buhun, ya ɗaga baƙi ɗaya yana juyawa a haske. Bayan kwana biyu ya kawo mini guntayen banɗakinsa.

Shekara biyu buhu huɗu. Sai Yaya Hajo ta kira ni da tsakar rana, ina saman bene, saruk na ihu.

"Sahabi, Inna ta bar cin abinci. Kunu ma sai da lallashi."

Na ji ana jan wayar, sai muryar Inna, ƙarama kamar daga cikin randa.

"Taho hakanan."

"Saura buhu guda, Inna. Mun sami babban gida, duk ja ne. Wata biyu kawai."

"To," ta ce. "Kana rufe abincinka?"

Wata biyun nan ban san me na ci ba. Ni ke fara zuwa, ni ke share wuri, har yatsuna suka tsattsage kamar gonarmu da rani. Ran Laraba na cika na biyar. Farin zare ya ƙare, na ɗinke bakinsa da shuɗi. Ran Juma'a da safe Kawu ya kira, da na ji ya fara da salati na zauna a kan buhun.

Babbar mota ta sauke ni da kayana a bakin hanya, an riga an kai Inna makwancinta. Na yi zaman makoki kamar mai zaune kan garwashi. Da aka watse na ari amalanken jakin Kawu na yi ta jidar yashi daga kogi, don baƙar ƙasa in ka ɗora mata siminti kai tsaye, rani ɗaya za ta karya shi. Na gicciye zare. Na fara daga tsakiya. Ja kai sama, baƙi kai ƙasa, haƙorin kada, layi bayan layi. Ba na jin kira, ba na jin yunwa. Rana ta shida na yanke na ƙarshe na manna shi jikin bango, na sa hannu cikin buhu na huɗu, akwai saura kamar cikin kwano.

Yaya Hajo na tsaye bakin ƙofa. Ta dubi daɓen ta daɗe. Sannan ta nuna mai shuɗin zare.

"Wancan fa?"

Na fita tsakar gida da igiya. Na zana ɗakin Usta a ƙasa, mai gefe huɗu, na kafa tsinke a tsakiya na zagaya da rabin igiyar, ɗakin Inna ya fito a cikinsa. Kusurwa huɗu suka rage a waje, ba kowa cikinsu. Wata biyu na zauna a Umdurman ina tara wa wuraren nan balat. Kalma ɗaya ce, da na faɗa wa Usta ita, da fensir ɗinsa ya sallamo ni gida.

Hajo ta ɗauko tsintsiya ta share zanen.

Musa, abin da ka jingina da shi tun ɗazu, shi ne. A'a, zauna abinka, ba ya cizo. Kawu ya ce in daɓe bakin ƙofa da shi, Hajo ta ce in ba masallaci. Duk na ce to. Wani lokaci har in ɗauko wuƙa, in na ga shuɗin zaren sai in tuna akwai ban ruwa a gona.

Ku taɓa daɓen ku ji. Damina biyu ke nan, ko kaɗan sanyi ba ya tasowa.